Yadda Tsiro ke Zama Itace: Abin da Aka Gano Daga Renon Ƙwayoyinsa a Kwalba

Duk wanda ya taɓa noman kuɓewa ya san cewa jinkirin tsinka na kwana biyu ko uku ya isa ya ɓata ta. Wadda jiya ake danna bakinta da ɗan yatsa ya ɓalle, yau sai ta lanƙwashe ta ƙi karyewa, idan aka sa mata wuƙa kuma a ji kamar kara ake yanka, sai a ce ta ƙosa. Abin da ya faru a cikin waɗannan 'yan kwanaki shi ne wasu daga cikin ƙwayoyin halittar da suka haɗu suka yi jikinta sun ƙara wa bangonsu kauri, sannan wani sinadari da ake kira lignin ya shiga tsakanin zaruruwan bangon ya daskare. Wannan sinadarin ne ke riƙe karan dawa a tsaye da nauyin zangarniya a kansa, shi ke sa itacen ƙirya ya gajiyar da mai gatari, kuma shi ne dalilin da saniya za ta wuni tana cin tsohon kara, cikinta ya cika, amma jikinta bai nuna ta ci komai ba.

Sunan ya fito ne daga kalmar da Latin ke kiran itace da ita, kuma masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwizalan, Augustin de Candolle, shi ne ya fara amfani da shi a 1813. A 1838 Anselme Payen na Faransa ya jiƙa itace a ruwan asid ya ga ya rabu gida biyu: zaruruwan selulos, wato zaren da bangon ƙwayoyin tsiro ya ƙunsa, a gefe guda, da kuma wani abu da ke lulluɓe da su. Wannan abin lulluɓin yakan kai kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku na nauyin busasshen itace. Mai ginin ƙasa zai gane aikinsa da sauri, domin selulos tamkar ciyawar da ake cuɗawa da ƙasa ce, lignin kuma yana yin aikin ƙasar da aikin makuba a lokaci guda, wato yana cike gurbi yana kuma hana ruwa ratsawa. Ruwan da ke hawa daga saiwa zuwa ganye jawo shi ake yi daga sama, kuma bututun da ake zuƙa da ƙarfi yakan motse idan bangonsa ba shi da tauri. Ba don lignin ba, da ba a sami bishiyar da ta haura mita 115 ba, kamar yadda ake da ita a jihar Kalifoniya ta Amurka.

Tubalan ginin lignin guda uku ne a mafi yawan tsirrai, kuma dukkansu daga sinadarin fenilalanin suke fitowa ta hanyar matakai wajen goma, kowane mataki da inzayim ɗin da ke gudanar da shi, wato furotin da ke hanzarta sauya wani sinadari zuwa wani. Inzayim na farko a wannan jeri, wanda ake taƙaita sunansa da PAL, Koukol da Conn ne suka gano shi a 1961 a jikin sha'ir. Masana suna kiran tubalan monolignol, kuma idan sun shiga cikin ginin ana yi musu alama da haruffa H, G da S. Itatuwan ƙasashen sanyi masu ganye kamar allura kusan da G kaɗai suke gini, masu faffaɗan ganye suna haɗa G da S, su kuwa dangin ciyawa, irin su dawa da gero da masara, suna da duka ukun tare da wasu ƙarin sinadarai. A cikin ƙwaya ake ƙera tubalan, amma a wajenta ake ginin, wato a jikin bango. A can ne wani inzayim ke fizge wa kowane tubali ɗan ɓangare, ya bar shi a yanayin da dole ya kama na kusa da shi, kuma yana iya kamawa ta fuskoki da dama. Furotin yana da tsarin da aka rubuta masa a gado, harafi bayan harafi, shi ko lignin ba a ga irin wannan rubutun a tare da shi ba, shi ya sa da wuya a sami sarƙoƙinsa biyu da suka yi daidai da juna.

Daga nan wahalar bincike ta faro. Lignin ba ya narkewa a ruwa, kuma ya sarƙe da sauran kayan bango ta yadda duk hanyar da aka bi don ciro shi sai ta canza shi, ko dai niƙa ta kakkarya shi, ko asid ya ƙara ɗaure shi. Wanda ya ce zai leƙa inda ake aikin a jikin bishiya kuma, zai tarar da wani siririn shimfiɗi ne a ƙarƙashin ɓawo, inda ƙwayar da aka haifa jiya take manne da wadda ke tsakiyar ginin bango da kuma wadda ta riga ta mutu. Idan aka kankaro wannan shimfiɗin aka niƙa, an gauraya su ke nan, ba a san wa ya yi me ba. A ƙasashen da aka fi yin wannan bincike ma, bishiya 'yan watanni kawai take yin sabon itace a shekara, sauran lokacin sanyi ya tsayar da ita.

Karl Freudenberg na Jami'ar Heidelberg a Jamus ya bi ta wata hanya a shekarun 1950. Ya zuba tubalin G a kwalba, ya sa masa inzayim, sai ga wani gari mai kama da lignin ya kwanta a ƙasa. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin da Holger Erdtman na Suwidin ya kawo tun 1933 cewa tubalan da kansu suke haɗuwa da zarar an tayar da su. Freudenberg ya kuma lura cewa idan aka zuba tubalan gaba ɗaya, ginin da ke fitowa daban yake da wanda ake samu idan ana ɗiga su kaɗan-kaɗan, kuma na ɗigon ya fi kusa da na itace. Amma ko na ɗigon bai kai ba, domin wani nau'in ɗauri da ya fi kowane yawa a lignin na gaskiya ya yi ƙaranci a nasa. Abin da ake bukata shi ne wani abu da ke tsakanin kwalbar da babu rai a cikinta da bishiyar da ba a iya leƙa cikinta, kuma renon ƙwayoyin tsiro ne ya cike wannan gurbi.

Tun 1902 Gottlieb Haberlandt ya yi hasashen cewa ƙwayar tsiro guda ɗaya tana ɗauke da ikon zama kowane sashe na tsiron, sai dai nasa gwajin bai yi nasara ba. Sai a 1939 Gautheret da Nobécourt a Faransa, da White a Amurka, kowa a nasa ɗakin gwaji, suka iya renon tsokar tsiro ta ci gaba da girma ba tare da ta tsaya ba. Yadda ake yi a yau bai sauya sosai ba. Ana yanko ɗan guntun ganye ko ɗan tayin iri, a wanke shi da ruwan bilic don kashe ƙwayoyin cuta, a ɗora shi a kan wani abinci mai kama da daskararren kamu wanda ya ƙunshi sukari da gishirin ma'adinai da bitamin, a rufe. Bayan makonni sai wani ƙululun nama marar siffa ya tsiro a bakin yankan, irin wanda bishiya kan yi a inda aka sare ta, ana kiransa kalus. Idan aka zuba kalus a ruwan abinci ana girgiza shi dare da rana, sai ya wargaje ya zama ƙwayoyi ɗai-ɗai da ƙananan dunƙulalluka suna yawo. A 1957 Skoog da Miller na Jami'ar Wisconsin suka nuna cewa ma'aunin homon guda biyu, wato sinadaran da ke sarrafa girman tsiro, oksin da saitokainin, shi ke yanke wa kalus hukuncin abin da zai zama, saiwa ko toho, kuma haɗin abincin da Murashige da Skoog suka fitar a 1962 har yanzu shi aka fi amfani da shi. Da wannan dabarar ce cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ke yaɗa irin doya da rogo da ayaba marasa cuta, sai dai mai binciken lignin ba tsiro yake nema ba, so yake ƙwayoyin su yi aikin itace a gaban idonsa.

Tsiron da ya fara ba da wannan dama ba bishiya ba ce ma. Zinnia elegans fure ne na ado, asalinsa daga Meziko, kuma ganyensa yana da wata baiwa: idan aka murza shi a hankali a ɗan turmi da ruwa, ƙwayoyinsa suna rabuwa da juna ba tare da sun fashe ba. Kohlenbach da Schmidt a Jamus sun lura a 1975 cewa irin waɗannan ƙwayoyi suna iya rikiɗa, amma Hiroo Fukuda da Atsushi Komamine na Japan su ne suka daidaita hanyar a 1980 har ta zama abin dogaro. Ana ɗaukar ganyen tsiron da bai wuce makonni biyu ba, a murza, a tace da ƙyalle mai ƙananan ƙofofi, a zuba ƙwayoyin a ruwan abinci mai oksin da saitokainin, a ajiye a duhu ana jujjuya su. A ranar farko, a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ƙwayoyin ganye ne kawai, koraye, dogaye, babu abin da ya bambanta su. Zuwa kwana na uku sai a ga wasu sun yi zobba da zane mai karkacewa a jikin bangonsu, daidai irin zanen da ake gani a bututun ruwa na cikin kara. Wajen kashi ɗaya cikin uku zuwa rabinsu kan rikiɗa haka, kusan a lokaci guda, da yawansu ma ba tare da sun rabu biyu ba, ragowar kuma su ci gaba da rayuwa a gefensu.

Amfanin wannan tsari shi ne ya mayar da abin da ke gauraye a wuri zuwa abin da ke jere a lokaci. Mai bincike yana iya ɗibar ruwan kowace sa'a ya ga me ya fara, me ya biyo baya. Ƙwayar da za ta zama bututu tana fara shimfiɗa zaruruwan selulos a kan zobban. Bayan 'yan sa'o'i, jakar ruwan da ke tsakiyarta ta fashe, inzayim masu narkarwa su bazu, su cinye cibiyar ƙwayar cikin mintoci, su share duk abin da ke ciki, a bar bango kawai da rami a tsakiya. Mutuwa ce da ƙwayar ta shirya wa kanta, domin bututun da ke cike da nama ruwa ba zai bi ta cikinsa ba. Akwai wani gwaji mai sauƙi da ake yi don ganin lignin: a ɗiga sinadarin fuloroglusinol da asid, duk inda lignin yake sai ya yi ja. Da aka bi ƙwayoyin Zinnia da wannan ɗigo, sai aka ga jan yana ƙara duhu ne bayan ƙwayar ta riga ta mutu, kuma yana ci gaba da ƙaruwa kwanaki bayan haka.

A nan ne, a ganina, renon ƙwayoyi ya ba da babbar gudunmawarsa, domin ya tilasta wa masana tambayar da bishiya ba za ta taɓa sa su yi ba. Matacciyar ƙwaya ba ta da abin da za ta ƙera tubali da shi, to daga ina tubalan ke zuwa? A 2001 Hosokawa da abokan aikinsa a Japan suka nuna cewa tubalan suna ratsowa ne ta cikin ruwan renon, daga ƙwayoyin nan da ba su rikiɗa ba, waɗanda a da ake yi musu kallon waɗanda suka kasa. A 2013 Edouard Pesquet da abokansa a Umeå ta Suwidin suka ƙara ɗaure maganar. Sun sa wani sinadari da ke toshe hanyar ƙera tubalan, sai bututun suka yi zobbansu suka mutu ba tare da lignin ba. Da aka zuba musu tubalan daga waje, gawarwakin suka karɓa suka yi lignin. Da suka hana mutuwar kuma da wani sinadari mai azurfa, lignin ɗin ma bai samu ba. Ma'anar wannan ita ce ƙwayar tana dasa inzayim ɗin ginin a jikin bangonta tun tana da rai, a daidai wuraren da take so su yi tauri, sannan ta mutu ta bar wa na kusa da ita su kawo kayan aiki. Mamaci dai ba ya yi wa kansa sutura, maƙwabta ke yi masa, kuma masanan da kansu sun laƙaba wa wannan ra'ayi suna mai ma'anar maƙwabcin kirki.

Tambayar da ta biyo baya ita ce ko haka abin yake a cikin tsiro cikakke, ko kuwa dabi'ar kwalba ce kawai, inda kowa ke iyo a ruwa ɗaya. A wannan shekarar ta 2013, Rebecca Smith da abokan aikinta a Jami'ar British Columbia ta Kanada suka gwada a jikin Arabidopsis, wani ɗan ƙaramin tsiro dangin kabeji da masu bincike suka fi so saboda gajeren zamaninsa. Sun kashe ɗaya daga cikin matakan ƙera tubali a cikin ƙwayoyin da ke yin bango mai kauri kaɗai, suka bar maƙwabtansu yadda suke. Sashen da ke ɗauke da bututun ruwa ya sami lignin ɗinsa duk da haka, amma zaruruwan da ke tsakanin jijiyoyin kara, waɗanda aikinsu riƙe tsiron ne a tsaye, sun rasa. Ashe kwalbar ta faɗi gaskiya, amma gaskiyar ƙwaya iri ɗaya ce ta faɗa, domin waɗancan zaruruwa suna daɗewa da rai kuma da kansu suke ƙera kayansu.

Labari na biyu daga Finland ya fito, ƙasar da katako da takarda ke cikin ginshiƙan arzikinta. A tsakiyar shekarun 1980 Liisa Simola ta Jami'ar Helsinki ta kafa wani kalus daga itacen Picea abies, wanda shi ne Turawa da yawa ke kafawa a gida lokacin Kirsimeti, aka yi masa lamba A3/85. Wannan kalus yana da wata ɗabi'a ta daban. Idan aka ɗauke shi daga daskararren abinci aka zuba a na ruwa, bayan 'yan kwanaki sai ruwan ya gurɓace da wani lallausan gari, kuma garin nan lignin ne da ƙwayoyin suka yi a wajen bangonsu. Ga masanin sinadarai wannan tsuntsu ne daga sama gasasshe, tunda lignin ne da rayayyun ƙwayoyi suka yi, wanda za a iya tacewa a ɗauka ba tare da niƙa ko dafawa a asid ba. Gösta Brunow da abokansa a wannan jami'a suka auna tsarinsa, suka tarar ya fi na Freudenberg kusanci da lignin na itace, ko da yake bai zama daidai da shi ba. Ruwan renon kuma ya zama kamar bango da aka buɗe: duk inzayim da duk guntun ginin da ƙwayoyin suka fitar yana nan a ciki, ana iya ɗiba da sirinji.

Da wannan kalus aka tunkari wata tsohuwar gardama. Inzayim iri biyu ne ke iya tayar da tubalan lignin. Feroksides yana bukatar haidurojin feroksaid, ruwan nan da ake wanke ciwo da shi yana kumfa, wanda tsiro ke ƙera kaɗan daga cikinsa da kansa. Lakkes kuwa iskar oksijin kawai yake bukata. An daɗe ana ganin feroksides ne kaɗai ke aikin, har zuwa 1992 da wasu masu bincike a Jami'ar Jojiya ta Amurka suka ciro lakkes daga ruwan renon ƙwayoyin wata bishiya mai suna Acer pseudoplatanus, suka nuna shi ma yana haɗa tubalan. Anna Kärkönen da abokan aikinta a Helsinki suka zuba sinadarin fotasiyam ayodaid a ruwan A3/85, wanda aikinsa shi ne kawar da haidurojin feroksaid. Lignin ya daina fitowa. An ga irin haka tun 1995 a renon ƙwayoyin itacen Pinus taeda a Amurka. Wani bincike na 2017 a kan kalus ɗin na Finland ya ƙara nuna cewa idan aka kawar da haidurojin feroksaid a waje, ƙwayoyin suna rage ƙera tubalan ma tun daga ciki, wato dai akwai saƙon da ke komawa daga wurin gini zuwa wurin ƙira.

Mai gaggawa zai ce an gama shari'a, feroksides ya yi nasara. Amma a 2013 Qiao Zhao da abokan aikinsa a Amurka suka lalata sinadaran gado uku masu ɗauke da umarnin ƙera lakkes a jikin Arabidopsis, sai lignin ya kusan ɓacewa daga jijiyoyin tsiron, tsiron kuma ya tsumbure, alhali feroksides ɗinsa suna nan. A cikin saiwar wannan tsiro kuwa akwai wani siririn ɗamarar lignin da ke tace abin da zai shiga daga ƙasa, kuma binciken da aka yi a Lausanne ta Suwizalan ya nuna wannan ɗamarar da feroksides da haidurojin feroksaid take dogara. Arabidopsis yana da sinadaran gado 73 na irin wannan feroksides da 17 na lakkes, kuma wannan yawan kaɗai ya isa ya nuna cewa tambayar wanne ne daga cikin biyun ba a ɗora ta daidai ba tun farko. Kowace irin ƙwaya da haɗin da take aiki da shi, kalus ɗin Finland kuma ya ba da amsar da ta shafe shi ne.

Akwai wani dalili mai zurfi da ya sa ya kamata a riƙa karanta sakamakon kwalba da taka-tsantsan. Tsiro yana yin lignin a yanayi biyu: lokacin da yake gina jikinsa bisa tsari, da lokacin da aka ji masa ciwo ko cuta ta kama shi, inda yake gaggawar toshe wurin. Ƙwayar da aka yanko daga uwarta, aka jefa a ruwan sukari, ake girgiza ta ba hutawa, tana cikin halin ƙunci ne ko da mai binciken bai nufa ba. A 1995 Lange da abokansa a Jamus suka zuba wa renon ƙwayoyin Picea abies wani abu da aka ciro daga naman gwari, ƙwayoyin suka ɗauka hari ne, suka yi lignin da tubalin H ya yi masa yawa ƙwarai fiye da na itacen yau da kullum. Lignin na A3/85 ma yana da H fiye da na katakon bishiyar. Sannan lignin da ya taru a ruwa ya rasa zaruruwan selulos da sauran kayan bango da a jikin itace suke tsara masa inda zai kwanta. Ga kuma matsalar tsufa: kalus da aka shekara da shekaru ana sauya masa abinci duk bayan 'yan makonni yakan canza hali, wani ya daina abin da aka san shi da shi. Ban ga wannan a matsayin abin da ya rushe hanyar ba, tunda lignin na kariya shi ma abin sani ne, amma duk wanda ya ce ya gano yadda bishiya ke yin itace alhali bai fita daga kwalba ba, ya yi saurin magana.

Inda kwalbar ta fi bishiya nesa ba kusa ba shi ne wajen gwada canji. A 2005 Minoru Kubo da abokansa a Japan suka sa renon ƙwayoyin Arabidopsis ya rikiɗa zuwa bututu, suka bi diddigin sinadaran gadon da ke farkawa a kowane mataki, suka tsamo biyu da aka sa wa suna VND6 da VND7. Idan aka kunna ɗaya daga cikinsu a ƙwayar da ba ta da alaƙa da jigilar ruwa, ko da ta fatar ganye ce, sai ta fara zanen bango ta kama hanyar zama bututu. A Niyu Zilan kuma, inda ake noman itacen Pinus radiata ana jiran shekaru 25 zuwa 30 kafin sara, masu bincike a cibiyar Scion da ke Rotorua sun samar da kalus na wannan itace da ke yin bututu. A 2015 Armin Wagner da abokansa suka dasa masa sinadaran gado biyu daga bishiya mai faffaɗan ganye, sai ga bututun suna yin lignin mai tubalin S, abin da wannan itace ba ya yi a dabi'arsa. Muhimmancin haka ga masana'antar takarda a fili yake, domin lignin mai S ya fi sauƙin warwarewa, kuma raba lignin da selulos shi ne aikin da ya fi cin sinadarai da wuta a wannan masana'anta. Takardar jarida da ke yin rawaya idan ta sha rana, lignin ɗin da aka bari a cikinta ne ke sauya launi.

Makiyayi ma yana da rabo a wannan ilimi, ko da bai taɓa jin sunan ba. Akwai nau'in dawa da masara da jijiyar tsakiyar ganyensu take da ruwan ƙasa maimakon fari ko kore, kuma dabbobi sun fi narkar da karansu. An samar da irin wannan dawa a Jami'ar Purdue ta Amurka a shekarun 1970, daga baya aka gano cewa a biyu daga cikin sanannun nau'o'inta, inzayim ɗin da suka samu naƙasa su ne CAD da COMT, dukkansu na matakan ƙarshe a hanyar ƙera tubalan lignin. Sai dai rage lignin yana da farashi. Kara yana iya kwanciya idan iska ta kaɗa, kuma katangar tsaro tana iya raunana. Binciken da Josiah Mutuku da abokansa suka wallafa a 2019 daga cibiyar RIKEN ta Japan ya nuna cewa wata shinkafa mai jure wa ƙuduji, ciyawar nan mai jan fure da ke tsotse dawa da gero da masara a gonakinmu, tana tara lignin ne a daidai inda ƙudujin ke ƙoƙarin huda saiwarta, kuma da aka taɓa tsarin lignin ɗin sai juriyar ta ragu. A nan sakamakon Zinnia da na Kanada ke da amfani na zahiri: tunda bututun ruwa da zaruruwan kara ba hanya ɗaya suke samun lignin ba, ana iya neman rage shi a zaruruwan a bar na bututun da na saiwa.

Matakin da ake ta kai-kawo a kansa yanzu shi ne yadda tubali ke fita daga cikin ƙwaya ya tsallake fatarta ya isa bango, balle ya isa bangon maƙwabciya. A 2012 an gano wani furotin a Arabidopsis mai suna ABCG29 da ke tura tubalin H waje, amma tubalan G da S, waɗanda su ne mafi yawa a itace, ba su ne kayan da yake ɗauka ba. Wasu masana suna ganin tubalan da kansu suke ratsa fatar, saboda ƙanana ne kuma suna shiga maiƙo, kuma inzayim ɗin da ke bango, ta hanyar cinye duk wanda ya fito, su ke sa na ciki su ci gaba da kwararowa, kamar yadda rijiya ke ƙara kawo ruwa idan ana ɗiba. Lissafin kwamfuta da aka wallafa a 2019 ya goyi bayan wannan, haka ma wani gwaji na 2022 daga Vancouver ta Kanada, inda aka sa lakkes a gefe guda na fatar da aka haɗa a ɗakin gwaji aka ga tubalan suna tsallakowa zuwa gefen da yake.